Kujerun da Ke Bakin Ƙofa

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da 'yata Dunƙule da duk mutanen gidan. Yaya gwiwar taki? Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon kan da duk 'yan shekarar ƙarshe muke fama da shi.

Goggo, roƙo ne ya kawo ni, kuma na san za ki ce ba na rubuto miki sai da buƙata. Gaskiyarki. An raba mana aikin kammala karatu. Nawa a kan tsara wuraren wasa ne a ajin ƙananan yara, wato yadda za a raba ɗaki kusurwa-kusurwa, yaro ya koyi ƙirga da magana da haƙuri da ɗan'uwansa yana cikin wasa, ba yana kan benci ana daka masa tsawa ba. Malamin da ke duba aikin, wanda muke kira Mai Jan Biro, ya ce shi ba ya karɓar zane a takarda kawai. Sai an gwada a aji na gaske, kuma malamar ajin ta rubuto abin da ta gani da hannunta. Abokan karatuna duk sun bazama neman makaranta. Ni kuwa na ce ina da aji, ina da malama, wato ke, kuma 'yata tana ciki.

Zanen yana cikin ambulan. Kusurwa huɗu ce: ta gida, da tukwanen wasa da 'yar tsana, ta yashi da ruwa, kusa da taga, ta gini, da guntayen katako da kwalaye, sai ta littattafai a kan tabarma. Hanyar ƙofa a bar ta fayau, kada a ajiye komai. Kantocin da za su raba kusurwoyin kada su wuce ƙirjin yaro. Da tsayin Dunƙule na yi awon, tunda na san inda take tsaya mini a jiki.

Doka ɗaya ce, kuma na san ita za ta fi yi miki wuya: babba ba ya sa baki a wasan. Ki zauna, ki duba, ki rubuta.

Ba dole ba ne a kanki, na sani. Ke da Baba a kakanni kuka haɗu, amma da baban Dunƙule ya rasu na kuma samu gurbin karatun nan, ke kaɗai kika ce in kawo miki yarinyar. Da na kira makon jiya ta ƙi karɓar wayar, ina jin ki kina lallashinta. Tana tambayata kuwa?

Direban da ya kawo wannan shi zai dawo mini da amsa.

'Yarki.

*

Zuwa ga Ɗaliba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ba ta tafi ko'ina ba.

Na karanta dokarki. Shekaruna a aji sun kusa kai shekarunki a duniya, yau kuma an rubuto mini in yi shiru. To, na yi. Ranar farko sai da na ciji leɓena har ya kumbura.

Amma bari in fara da kantocinki. Kafinta ya bi awonki tiryan-tiryan, da aka kawo su mai shara ta tambaye ni ko na kyanwa ne. Yara tsallake su suke yi. Haba Ɗaliba! Dunƙulen da kika auna ai ta tafi. Wadda ke gidana yanzu ta kai mini ƙugu, ta miƙe ta zama siririya kamar tsinken tsintsiya, sunan ne kawai ya rage. Na sa kafinta ya ƙara musu ƙafafu.

In ban da wannan, abin naki ya kama. Shugabar makaranta ta leƙo ta yatsina fuska saboda yashi, amma da ta ji ɗan mai gyaran keke, wanda ko sunansa ba ya faɗa da ƙarfi, yana ƙirga gwangwanin ruwa har bakwai, sai ta wuce abinta.

'Yarki ta kama kusurwar gida, ta hana kowa sakat. Ita ce uwa kullum. Tana dafa murafen kwalba, ta ɗora 'yar tsana a cinya ta ce, "Ci maza, za mu makara." Ta samo wata wayar ƙarfe ta lanƙwasa ta yi tabarau, ta sa a ƙarshen hanci. Jiya na ga ta tashi daga tabarma ta dafa gwiwa ta ce, "Wash, Allah!" Ni take kwaikwayo, har ɗingishin. Dariya ta kusa kashe ni, ga shi an hana ni magana.

Batun tambaya kuma, ki kwantar da hankalinki ki yi karatunki. Ta saba sarai. Tana ci, tana barci, ta ma daina tambayarki.

Goggonki.

*

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi kuna lafiya. Ni ma da sauƙi.

Wasiƙarki ta same ni a bakin ɗakin karatu, na karanta ta a tsaye, na koma na zauna a kan matakala na sake karantawa. Ta daina tambayata. Haka kika rubuta, a ƙarshen takarda, kamar kina ba ni labarin an gyara famfo. Tun ranar ban iya haɗa layi biyu a aikin nan ba. In na buɗe littafi sai in ga yarinya da tabarau a ƙarshen hanci tana ɗingishi. Ni ba na ɗingishi, Goggo. Me take yi a kusurwar nan da za a ce nawa ne?

Ban ce kin yi laifi ba. Amma kin ba ni labarin kina dariya, ni kuma ban ga abin dariya ba.

Na ɗan gyara tsarin. Ga hotona a cikin ambulan, ki manna shi a kusurwar gida daidai idonta, tunda yanzu ke kika san tsayinta. Ga ɗankwalina shuɗi, a sa cikin kayan wasa. Ki samo tsohuwar waya ki ajiye kusa da tukwane, in ta shiga ki ce mata, "Kira Mama ki gaya mata abin da kika dafa." Ba sai na sa wannan a cikin abin da zan miƙa wa Mai Jan Biro ba.

Sauran tsarin a bi shi yadda yake a zane, don Allah. Lokacin miƙawa yana matsowa kuma kaina ya ɗau zafi.

'Yarki.

*

Goggo,

Lafiya kuwa? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu rabbana. Na tsaya a tasha har ya gama sauke kaya, ya ce ba ki ba shi komai ba. Na kira, wayarki a kashe. Na kira maƙwabciyarki, ta ce ta gan ku da safe kun fita, lafiya lau. Ke nan ba ciwo ba ne, fushi ne.

In maganata ta yi zafi ki yi haƙuri. Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ina zaune a ɗaki na kasa zama, na fita na kasa tafiya, abokiyar ɗakina ta ce in na ƙara buɗe ƙofar nan za ta cire ta.

An manna hoton? Me ta ce?

'Yarki.

*

Zuwa ga Ɗaliba,

Muna lafiya, ki daina damun maƙwabta. Waya ta faɗa bokitin kusurwar ruwanki, tana wurin mai gyara. Fushi kuma, e, na yi. Amsa na rubuta miki na yayyaga, na sake rubutawa na sake yagawa, don abin da ke ciki bai kamata ya shiga mota ba.

Na faɗa miki magana don ki samu barci, kin ɗauke ta kin soka wa kanki, kin juyo kin shafa mini jinin. Da so kike in ce tana kwana tana kuka? Wannan ne zai sa ki ci jarrabawa?

Duk da haka na yi abin da kika ce. Ke da kika kafa dokar kada babba ya sa baki, ke kika fara aiko da bakinki a ambulan. Na manna hoto. Ta shigo ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Ta ɓamɓare shi a hankali, ba ta yaga ba, ta sa a tukunya ta rufe. Ɗankwalin ko taɓa shi ba ta yi ba, wata yarinya ce ta ɗaura. Da na miƙa mata wayar na ce ta kira Mama, ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya taka wa mutum abinci, ta ajiye ta fice. Tun daga ranar ba ta sake taka kusurwar gida ba. Sai ki rubuta wannan a aikinki, in akwai inda zai shiga.

Yanzu wata fitinar ta ɓullo da ita. Ba ta yashi, ba ta gini, ba ta littafi. Da an ce a tashi wasa sai ta hau jan kujeru, ƙiii, ƙiii, har bakin ƙofa, ta jera su, ta tara yara. Daidai inda kika ja layi biyu kika ce a bar shi fayau. Shugaba ta yi tuntuɓe da su ta yi mini faɗa a gaban yara. Kullum sai na kwashe, kullum sai ta mayar. Da ma tun kafin zanenki ta kan yi haka jefi-jefi, ban ɗauke shi komai ba. Jiya da na ɗauke kujerar gaba ta riƙe ƙafar kujerar da hannu biyu, muka yi ta ja, ni da gwiwata, ita da taurin kanta. Wannan taurin kai dai ba a gidana ta samo shi ba, in kina neman abin da yake naki.

Goggonki.

*

Goggo,

Na gode da kika amsa. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Na karɓi faɗan, na ci shi.

Ki cire hoton daga tukunya ki ajiye. Laifina ne, kuma na san laifi ne tun ina liƙe ambulan.

Amma kujerun nan, Goggo, don girman Allah kada ki sake kwashe su. Ki manta da layi biyun da na ja. Ki roƙi Shugaba ta bi ta ƙofar baya na 'yan kwanaki. Ban tambaye ki komai ba sai kusurwoyina huɗu, shi ya sa ba ki duba can ba. Ki ɗauki kujerarki ki zauna nesa kaɗan. Yaya take jera su? Wa ke zama, wa ke tsaye? Ita a ina take? Me suke cewa?

Ki ba direba amsa a wannan zuwan, ko a bayan takardar nan ne.

'Yarki.

*

Ɗaliba,

Lafiya muke. Na zauna, na duba. Ga shi yadda na gani, ban ƙara ba ban rage ba.

Mota ce. Kujeru bibbiyu a jere, ɗaya a gaba. Ɗan mai gyaran keke shi ne direba, murfin tukunya ne sitiyarinsa. Wata mai bakin tsiya ita ce kwandasta, tana buga bango tana kiran fasinja. Yara suka cika mota, har da mai riƙe da kwali a ka wai kaya ne.

Na zaci 'yarki za ta zauna a gaba, tunda ita ta sha wahalar jan kujerun. Ba ta shiga ba. Ta je ta tsaya a jikin ƙofa, ta sa hannu a goshi tana hange, kamar motar daga nesa take tahowa alhali tana gabanta. Direba ya yi ta vuu, vuu, da baki, can ya ce, "An iso!" Yara suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya sauko sai ta matsa ta leƙa fuskarsa. Da na ƙarshe ya sauka ta leƙa cikin motar, har ƙarƙashin kujeru. Sannan ta ce, "Ku koma ku ɗauko sauran." Suka koma. Haka suka yi ta yi har yara suka gaji suka watse wurin yashi, ita tana tsaye.

Kwandastar ce ta tambaye ta, ba ni ba. Ta ce, "Wai ke wa kike jira ne kullum?" Ta ce, "Mamana. Mota ce ta cika, gobe za ta samu wuri."

Na tashi na shiga bayan allo na yi kamar ina neman alli.

Na ce miki ta daina tambayarki. Ashe ni ta daina tambaya, don ta gaji da jin "sai an yi hutu". Kuma ni ce nake zuwa kullum in kwashe mata motar, ina yi mata faɗa a kan hanyar wucewa. Shekara nawa ina aikin nan, abin yana gaban hancina.

Ban san me za ki yi da wannan ba. Na dai rubuta, tunda kin ce in rubuta.

Goggonki.

*

Zuwa ga Goggo,

Na iso lafiya. Ina fata gajiyar baƙuwar da ta faɗo muku ba sanarwa ta sake ku.

Mai Jan Biro bai ji daɗin tafiyata ba. Ya ce ba zai ƙara mini ko yini ɗaya ba. Na sake zanen, na bar fili a bakin ƙofa ban sa masa suna ba, ya zagaye shi da ja ya rubuta, "Mene ne wannan?" Zan yi masa bayani in na iya.

Ba aikin ne ya hana ni sukuni ba. Kin ga komai da idonki, amma bari in faɗa, don ban iya faɗa a gabanki ba. Duk tsawon hanya ina ganin yadda za ta ruga ta faɗa jikina. Da na yi sallama ta leƙo, ta koma bayanki ta riƙe zanenki. Takalman da na kawo mata ko yatsunta ba su gama shiga ba, na sake yin awo da yarinyar da babu. Kika ce, "Ga Mama," ta ce, "Sannu da zuwa, Malama." Kin yi dariya don ki rufa mini asiri, na gode.

A aji na zauna a ƙasa kusa da ƙofa ina jira ta ja kujeru. Ba ta ja ba. Ta yini a wurin yashi ta juya mini baya. Sai ranar da zan taho ta bari na wanke mata ƙafa, shi ma tana kallon bango. A tasha ta ɗaga mini hannu yadda ake ɗaga wa kowa. Ko hawaye ɗaya.

Ina ganin wadda take jira a bakin ƙofar nan ba ni ba ce, wata ce da ta ƙera a ranta, ni kuma na zo ban yi kama da ita ba. Na makara ko, Goggo? Ki faɗa mini gaskiya, kada ki lallashe ni. In zamanta a wurinki shi ya fi mata, in na gama sai in nemi aiki kusa, in riƙa zuwa ina ganinta. Da gaske nake.

'Yarki.

*

'Yata,

Kin ce kada in lallashe ki. To ba gaisuwa mai tsawo yau, ba mu da lafiyar da zan ba ki labari.

A tasha ba ta yi kuka ba, gaskiya ne. Har muka kama hanyar gida tana tsalle a kan kwalbati. Da muka shiga ɗaki ta ga tabarmar da kika kwana a naɗe a jikin bango, sai ta tsaya. Ta ce, "Ina take?" Na ce ai tare muka raka ki. Ta ce, "Ta sauka, ai ta sauka! Me ya sa kika bari ta koma?"

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a wurinta ba. Ta yi birgima, ta yi jifa da kofi, ta ƙi abinci. Na zo ɗaukarta ta gantsara mini cizo a hannu, shaidar tana nan. Ta ce in tafi, ni ba mamanta ba ce. Ta faɗa ta sake faɗa, da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo. Takalman nan da ba su shige ta ba, da su take yawo a hannu, ta hana a ba kowa. A aji ba ta jan kujeru yanzu, ba ta wasan komai, tana zaune tana hararata.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta layinki na cewa ki bar mini ita, zuciyata ta yi tsalle kafin hankalina ya kamo ta. Nawa 'ya'yan sun girma sun watse, yarinyar nan ce ta dawo mini da hayaniya gida. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na koya mata ɗaura igiyar takalmi. Da na yi shiru da wannan labarin, da kin bar mini ita da hannunki, kina gode mini. Na zauna da biro a hannu na daɗe kafin in fara.

Ba a yi wa Malama irin wannan kukan. Fushi take yi da ke, kuma sai kin zo kin zauna ta gama yi miki shi a fuska, ba yini biyu ba. Ba ki makara ba, amma kada ki ƙara.

Ki miƙa aikinki, ki rubuta jarrabawarki, ki nemi ɗaki mai ɗan fili. Ranar da kika gama ki shigo motar farko. Zan riƙe miki ita zuwa lokacin, ko tana cizona. In kin tashi sayen takalmi ki bari sai kin zo, ku je tare.

Goggonki.